Tuta Ɗari da Ashirin

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wannan takarda daga bakin yayarki ta fito, amma hannun Uwar Biyu ne a kanta, maƙwabciyata da kika sani, wadda ta yi aikin buga takardu a ofishin bariki kafin idonta ya fara gardama. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta sa gishiri, kada ta rage. In kin ga wata magana ta cika daɗi, to tata ce. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, ya raba ku da kwanan asibiti, ya shirya muku zuri'a. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ba ciwo ba ce, shekaru ne. Ɗanki Saje, wanda na haifa kika goya, yana nan da ransa da lafiyarsa da igiyarsa uku ta muƙamin soja a damtse. Ki riƙe wannan magana ta igiya, za mu dawo kanta. Matarsa cikinta ya tsufa, tana tafiya kamar an ɗora mata tulu, amma bakinta bai gaji ba. Yaransu uku suna makaranta, babbar ta fara yi min gyaran magana, ƙaramin kuma ya haɗiye maɓalli a shagona, ya fito lafiya, na wanke na ɗinka shi a rigar wani kurtu.

Ba zan ja ki da nisa ba. Ƙarshen watan nan zan taho wurinki da zama, ni da keken ɗinkina. An karɓe shago, an karɓe ɗaki. Ba sata na yi ba, ba zagin kowa na yi ba. Tuta na ɗinka. Tutar ƙasarmu, wadda nake ɗinkawa kullum tun kina da ƙarfin gudu, ita na ɗinka, sai ga shi har majalisa ta zauna a kaina. Zan ba ki labarin yadda ya faru, don kada ki ji shi a bakin wani ya zo miki a karkace. Amma kada ki ce in fahimtar da ke, don ni ma da abin ya faɗa wa ban fahimta ba.

Kin san aikina, amma ba ki san yadda nake yin sa ba. Tun ranar da aka kawo min hular marigayi maigidana da takalminsa a buhu, kwamandan wancan lokaci ya ba ni shagon bayan sito da ɗakin da ke manne da shi, ya ce in riƙa yi wa soja ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Riga in ta fito daga sito abu uku take nema: a rage ta ta zauna a jikin mai ita, a ɗinka suna a ƙirji, a ɗinka tuta a kafaɗar hagu. Tutar ba ta wuce akwatin ashana biyu ba. Sunan ba ni nake karantawa ba, a maƙale yake zuwa da allura a bakin aljihu, ni dai in bi shi da keke. Tuta kuwa ba a ma faɗa min, hannuna ya san hanya, ko ina gyangyaɗi zan dasa ta daidai. Tsohon mai sito, Allah ya jiƙansa, ya san aji biyu na yi aka cire ni, bai taɓa faɗa wa kowa ba. In ƙunshin riguna yana da wani abu daban, sai ya ɗaura jan zare a wuyan ƙunshin, in na gani in taka in je in tambaye shi da baki. In babu jan zare, aiki kamar kullum. Takardar da ake maƙalowa a kan ƙunshi kuwa, ina da wata wayar ƙarfe mai lanƙwasa a rataye a bango, sai in cire takardar in soke ta a nan. Ban taɓa yar da ko ɗaya ba, don takardar gwamnati ce, ban kuma taɓa karanta ko ɗaya ba. Da tsohon ya rasu bara, aka kawo sabon mai sito, wani kofur mai tabarau, mai ladabi, komai nasa a rubuce. Ba wanda ya gaya masa zancen jan zare. Ni ma ban gaya masa ba, don in na gaya masa zare sai na gaya masa dalilin zare. Muka yi shekara guda haka ba a ji kanmu ba.

To, wata uku da suka wuce sai ga motoci biyu sun shigo bariki da baƙin soja arba'in daga wata ƙasa. Na ɗauka kamo su aka yi. Saje ya ce a'a, ɗalibai ne, gwamnatinsu ta roƙi tamu a koya musu aiki, kuma shi aka damƙa wa su. Na ce wane aiki. Ya ce harbi, da kwanton ɓauna, da yadda ake tsallake ruwa da kaya a ka. Na ce masa ubansa fa a bakin iyaka ya mutu yana hana mutanen waje shigowa da bindiga, yau kuma mu muke ɗauko su a mota mu ba su bindigar, mu nuna musu inda ake dannawa. Ya yi dariya, ya ce ai waɗannan abokai ne. Na ce wa ya ce. Ya ce takarda. Wai gwamnati ba ta da ikon koya wa sojan wata ƙasa ko ɗaure takalmi sai majalisa ta ba ta izini a rubuce, kuma izinin ya faɗi komai: mutum nawa, wata nawa, wace bindiga za su taɓa, wace ba za su taɓa ba, wane ɗaki za su shiga, wane za su wuce ta ƙofarsa kawai. Na ce in wata shidan da aka ɗibar musu suka cika, abotar ita ma ta cika ke nan? Ya ce in bar wa manya. Na bar musu.

Aka jero min su a ƙofar shago in auna su. Ba sa jin yarenmu, ni ba na jin nasu, amma igiyar awo ba ta neman tafinta. In ɗaga hannuna su ɗaga nasu, in juya yatsa su juya. Yara ne, Auta, wasu ko gemu bai gama fito musu ba. Tun da ba zan iya riƙe sunansu ba, na raɗa musu nawa. Akwai Ba Wuya, akwai Ƙugun Zanzaro, akwai wani Dogon Hannu da sai da na ƙara masa yadi a hannun riga, shi ne kullum in ya wuce sai ya tsaya ya ƙame min kamar ni ce kwamanda. Washegari Saje da kansa ya kawo ƙunshin rigunansu, kowa uku, ɗari da ashirin ke nan. Kakinmu ne sak, daga sitonmu. Na duba wuyan ƙunshi, babu jan zare, don mai jan zare yana kabari. Na cire takarda na soke a waya. Kwana tara ina taka keke. Na rage, na sa suna, na sa tuta. Wallahi aikin ya yi kyau, ko yau in aka ɗora ma'auni ba za a sami wadda ta karkace ba.

Mako uku suna yawo da ita a kafaɗa. Ki ji da kyau, mako uku. Kowace safiya Saje yana bin layinsu yana duba maɓalli da farce da igiyar takalmi, bai gani ba. Manjon da ke kula da barikinmu ya duba su sau biyu, bai gani ba. Su kansu baƙin sun ɗauka haka ake yi wa baƙo a nan. Ashe ido in ya saba da abu a wuri, rashinsa kawai yake gani. Sai ranar da manyan baƙi suka zo kallon fareti da masu ɗaukar hoto. Kwana biyu bayan nan hoton ya cika wayoyin mutane, ga Dogon Hannu a gaba, baki har kunne, ga tutata a kafaɗarsa an zagaye ta da jan layi. Uwar Biyu ce ta kawo min na gani, na ce mata ai kuwa ɗinkin ya fito. Ta ce in rufe bakina in kunna rediyo. A rediyo wani yana ta ihu wai gwamnati ta ɗauko sojan haya a ɓoye ta sa su a rundunarmu. Wani ɗan majalisa ya ce izinin koyarwa suka bayar, ba izinin ɗauka aiki ba, kuma takardar ta faɗa ƙarara cewa baƙin ba za su sa wata alama ta ƙasarmu ba. Wani ya ce cin amanar ƙasa ne. Ina zaune a kan keke ina jin ana neman wanda ya ci amanar ƙasa, ban san ni ake nema ba sai da aka yi nisa. Nan take aka tsayar da horon, aka karɓe bindigogin, aka zaunar da yaran a ɗakunansu da singileti.

Nan ne kaina ya ɗaure, har yau bai kwance ba. An ba su bindigarmu, an ba su harsashinmu, ɗana ya kwanta a ƙasa kusa da su yana gyara musu gwiwar hannu don kada su yi kuskuren saiti, duk wannan takarda ta yarda. Ƙyalle da bai kai tafin hannu ba, shi ne ya tayar da ƙasa. Na tambayi Uwar Biyu, tun da ta yi aikin ofis, ta ce wai bindiga aro ce, tuta kuwa shaida ce, in yaron ya yi ɓarna da tutarmu a kafaɗa, mu muka yi. Na ce in ya koma gida ya yi ɓarnar da hannun da muka gyara masa fa, wa ya yi? Ta ce wannan ba ya cikin takarda. Yanzu ma ta ce kada in sa wannan a wasiƙa, na ce ta rubuta.

Aka turo wani kanar daga hedikwata da mutum biyu su yi bincike, Manjonmu na huɗu. Ni ba wanda ya kira ni, wa yake kiran tela. Na ga dai Saje ya daina biyowa ta shago, in ya zo gaishe ni idonsa na kan takalminsa. Sai rannan da hantsi matarsa ta shigo da cikinta, ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba sallama, ta ce ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce kofur mai tabarau ya rantse ya rubuta a takarda cewa kada a sa tuta, ya maƙala a kan ƙunshin, amma ba shi da kwafi. Shi kuma mijinta ya tashi gaban kanar ya ce shi ya cire takardar a hanya ya yar, ya ɗauka lissafin riguna ne, ya ce wa tela ta yi kamar kullum. Ta ce igiya biyu za a cire masa, saura shekara biyu ya yi ritaya, zai fita da igiya ɗaya kamar wanda ya shiga jiya. Ta ce ba ta zo ta ce in yi komai ba, ta zo dai in sani. Ƙarya take, ta zo ta ce in yi, kuma ta yi daidai. Ban taɓa son yarinyar nan kamar ranar ba, ko da yake ban gaya mata ba.

Na aika aka kira shi. Na ce masa yaushe ya fara ƙarya da kaki a jikinsa. Ya ce in ba haka ba za su tambaye ni me ya sa ban bi takarda ba, in sun gane ba na karatu za su karɓe shagon, ɗakin kuma na shagon ne. Ashe ya sani. Tun yana yaro ya sani, ya ce yana kallona ina riƙe takardar makarantarsa a kife ina gyaɗa kai. Ya ce igiya ƙyalle ce, uwa kuwa ba a barin ta a titi. Na ce masa in ƙyalle ba komai ba ne me ya zaunar da mutum arba'in da singileti. Na ce shekara ashirin da uku yana rarrafe a taɓo kafin ya tara ukun nan, kowace ni na ɗinka ta, ba kuma zan zauna a kawo min rigarsa in farke biyu da hannuna ba, don aikin wurina zai zo, babu wani tela. Ya ce ya hana ni zuwa. Na ce ya je ya hana kurtunsa.

Washegari da safe na ɗaura zanena mai kyau, na sauke wayar daga bango. Auta, ban san nauyinta ba sai ranar. Takardu tun na zamanin tsohon mai sito, na ƙasa sun yi ja kamar ganyen shayi, sai da na rungume ta kamar jariri. Sojan ƙofa ya ce ba a shiga, na ce masa wandon da ke jikinsa ni na san inda ya yage da dalilin yagewar, ya matsa. Na shiga na dire ta a kan teburin kanar, ƙura ta tashi, ya yi atishawa. Na ce ni ce telar, ga duk takardar da aka taɓa aiko min, ban yar da ko ɗaya ba, ban karanta ko ɗaya ba, don ban iya ba, su duba ta sama-sama za su ga tasu. Na ba su labarin jan zare. Kanar ya sa aka zaro na sama ɗaya bayan ɗaya, a ta goma sha ɗaya aka same ta, da hannun kofur, wai har ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganar. Kofur ya cire tabarau yana goge ido. Saje yana tsaye a ƙame a jikin bango, bai kalle ni ba.

Kanar bai tsaya nan ba, abin ya ba shi sha'awa, ya ci gaba da zarowa yana karantawa. Ya ci karo da wata ta wata biyar baya, wai a rage ƙugun wandon Manjo da inci biyu. Ya tambaye ni ko na rage. Na ce ƙarawa na yi, inci biyu, don na ga mai wandon yana wucewa ta ƙofata kullum, kuma ya aiko da godiya. Kanar ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Manjo ya ce wannan ba ya cikin abin da ake bincike. Sai ɗaya daga cikin mutanen hedikwata, wani mai bushewar fuska, ya buɗe takardar izinin nan ta majalisa, mai kauri kamar bulo, ya tambaye ni wa ya ba ni izinin auna baƙin. Wai takardar ta jera waɗanda za su yi hulɗa da su: malaman horo, masu dafa abinci, likita, direbobi. Babu tela. Wato duk awon da na yi wa mutum arba'in ba bisa ƙa'ida na yi ba. Na ce to da buhu aka so su sa? Ya ce ba a ce su sa buhu ba, ba a kuma ce a auna su ba. Kanar ya ce masu rubuta doka sun manta soja yana sa riga. Na duba fuskarsa in ga ko wasa yake, ban gane ba.

Bayan kwana uku aka yanke. Kofur ba shi da laifi. Saje an rubuta masa jan kunne saboda ƙaryar da ya yi da kuma idonsa da bai gani ba, amma igiyarsa uku na nan. Ni kuma an ce doka ba ta yarda wanda ba ya karanta oda ya riƙe aikin bariki ba. Da aka zo kan ɗaki, aka nemi takardar da aka ba ni shi, babu. Tsohon kwamanda da baki ya ba ni, shi ma ya daɗe a ƙasa. Takarda ta fi ɗari huɗu a wayata, babu ta ɗakina. Kanar da kansa ya zo shago ya faɗa min, ya cire hula, ya ce ba yadda zai yi. Na ce ban tambaye shi yadda zai yi ba, ya faɗa min rana kawai. Ya ce ƙarshen wata.

Saura ki ji ƙarshen abin. Majalisa ta ce ta gamsu, a ci gaba da horo, amma sai an cire tutocin. Aka ba kurata reza, suka yaga riga shida a awa ɗaya, don ɗinkina ba ya fita da garaje. Sai ga Manjo a ƙofata yana murza hula. Amma tela ba ya cikin takarda, saboda haka sai da aka aika hedikwata aka samo min izini na musamman na kwana biyar in taɓa rigunan baƙi. Aka ɗauke ni hoto, aka ba ni kati na rataya a wuya. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya ba ni kati sai da aka kore ni. Na farke sauran ɗari da goma sha huɗu, na yi wa shidan faci. Wai takardar ta yarda su sa tutar ƙasarsu, amma ƙasar tasu ba ta aiko ba, don haka kafaɗa ba komai. Sai dai rana da wanki sun koɗar da rigunan, inda tutar ta zauna bai koɗe ba, duk wanda ya kalle su zai ga gurbinta a fili. Ban san ko akwai dokar da ta hana gurbi ba, ban kuma tambaya ba. Dogon Hannu ya zo karɓar nasa da tafinta, ya roƙi in ba shi tuta ɗaya ya tafi da ita gida. Na hana, ban san wace majalisa za ta sake zama ba. Na sa tafinta ya tambaye shi in ya koma wa zai harba. Ya ce wanda gwamnatinsa ta nuna masa. Haka Saje yake cewa, haka marigayi ya ce min da safen da ya fita. Na ba shi maɓalli biyu na ajiya, na ce ya tafi.

Tutocin suna nan wurina a gwangwanin madara, ɗari da ashirin cif, har da na riguna shidan da aka yaga. Na kai sito, kofur ya ce a littafinsa an fitar an sa, babu layin dawowa. Manjo ya ce ba a ƙona tuta, ba a zubar da ita a shara, ba a kuma ba farar hula. Na ce ni fa farar hula ce. Ya ce in riƙe tukuna. Ki tambayar min maigidanki, tun da shi mai karanta jarida ne, ko akwai laifi tsohuwa ta hau mota da tuta ɗari da ashirin, don in sojan hanya ya buɗe gwangwanin ban san me zan ce masa ba.

Ɗanki tun ranar da na shiga gaban kanar bai taka ƙofata ba. Jiya da la'asar sai ga shi da riga a kafaɗa, wai igiyarsa ta uku ta ɗaga a gefe. Na karɓa na duba. Zaren ba tsinkewa ya yi ba, reza ce ta bi shi, ɗinki huɗu, a hankali. Na ce masa katina ya ƙare, ba ni da izinin taɓa kaki. Ya ce ba telar bariki ya kawo wa ba. Na ce ya daina magana kamar rediyo ya miƙo min zare. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya zura min allura don idona ba ya gani da yamma, na bi duka ukun na ninka ɗinkin. Wanda zai cire su sai ya yanke hannun rigar. Ya ce in zauna wurinsu, na ce ɗaki biyu da yara uku da na huɗu a hanya, ni da matarsa ba za mu kai wata ba mu daina son juna.

Yanzu ga abin da ke hannun wa, don in na manta ki tuna min. Babban almakashina yana wurin matar mai burodi, Saje zai karɓo. Dutsen guga na bar wa matar Saje aro, aro na ce, ba kyauta ba, Uwar Biyu shaida ce. Ita Uwar Biyu ina riƙe da rigarta da ban sa wa hannu ba, zan gama kafin in taso. Kofur na kai masa ƙwaryar jan zare na gaya masa amfaninsa, ko wanda za a kawo bayana yana karatu, wata rana zai gaji. Wayata tana wurin kanar, wai shaida ce, ya yi alkawarin dawo da ita. Na ce wa Saje takardun su riƙe, nasu ne, wayar tawa ce, ya bi ta har ta fito. Ke kuma, ranar da aka binne marigayi kin kama hannuna kin ce akwai ɗaki a gidanki duk ranar da na so. Ban manta ba, na zo karɓa.

Ki gaida maigidanki, ki gaida babban ɗanki direba ki ce ya tare ni a tasha da mota mai buɗaɗɗen baya saboda keke, ki gaida 'yarki malamar asibiti da mai sunana da sauran jikoki. Saje da matarsa da yara suna gaishe ku, Uwar Biyu ma ta ce in ce tana gaisuwa, hannunta ya gaji. Kada ki sayi katifa mai laushi, bayana ba ya so. Kada kuma ki tara min mutane su zo jaje, ba wanda ya mutu. Ki share ɗakin kawai, ki sa a kafa min ƙusa ɗaya a bango kusa da taga, inda zan rataye wayata.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Yaya